Fim a Mota, 'Yan Kallo a Ƙasa: Silimar Shiga-da-Mota da Tarihin Kallo a Akwatialine, Zangon Kumasi

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki wani nau'in gidan silima da ya yi tashe a Amurka, wanda mutum ke shiga da motarsa ya kalli fim yana zaune a cikinta, ta auna shi da yadda mutanen Akwatialine da maƙwabtanta suke kallon fim tun zamanin Turawa har zuwa yau. Abin da take son nunawa shi ne, buƙatun da suka haifi waccan silima, wato kallo a sarari, tare da iyali, cikin sutura, mu ma muna da su. Hanyar da muka bi ce ta bambanta: a can ɗan kallo ne ya zo a mota, a nan fim ne ya zo a mota. Maƙalar ta kuma bi sawun tambayar da ta fi damun mai ita, wato wa aka ba wurin zama a kowane zamani, wa kuma aka bari a waje.

Gabatarwa



A farkon shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe wuraren taruwa, wata tsohuwar dabara ta sake ɗagowa a duniya. A Amurka da Turai mutane suka koma kallon fim daga cikin motocinsu, a Abuja da Legas ma aka gwada haka a filayen ajiye motoci. Mu a Kumasi, daga ranar 30 ga Maris aka hana mu fita har tsawon mako uku. A kwanakin nan na ga hotunan waɗancan filaye a waya, sai na tambayi kaina: da a ce wani zai kawo wannan abu Akwatialine, ina zai kafa shi, kuma wa zai shiga? Tambayar ta yi kama da ta wasa, amma da na bi ta sai ta kai ni ga tarihin kallo na unguwarmu gaba ɗaya.

Na dogara da abu biyu. Na farko, rubuce-rubucen masana irin su Carmela Garritano da Birgit Meyer da Gareth McFeely a kan silima a Ghana, da Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu a kan ƙasar Hausa, da Laura Fair a kan Tanzaniya. Na biyu, abin da idona ya gani a matsayina na wanda ya tashi a Zango, ya zauna a kan bencin gidan bidiyo tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Abin da silimar shiga-da-mota take buƙata

Ranar 6 ga Yunin 1933 wani ɗan kasuwa mai suna Richard Hollingshead ya buɗe ta farko a gefen garin Camden, a jihar New Jersey. Filin yana ɗaukar mota kusan 400, ana biyan santi 25 na mota da santi 25 na kowane mutum. Dabararsa ita ce ya yi tudu-tudu a jere, yadda gaban kowace mota zai ɗan ɗaga, na baya ya hango allo ta saman na gaba. Sauti ne ya fara ba su wuya, domin manyan lasifikoki suna damun maƙwabta, na nesa kuma yana jin magana bayan bakin mai yin ta ya rufe. Daga baya aka rataya wa kowace mota ƙaramar lasifika a taga, daga bisani aka koma aika sautin ta rediyon mota.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya bunƙasa. A 1958 akwai irin waɗannan filaye sama da 4,000 a Amurka, yau kuwa saura kamar 300. Dalilin hawan da dalilin saukar duk ɗaya ne in an duba da kyau. Abin ya tsaya a kan duwatsun murhu uku: mota a kusan kowane gida, fili mai arha a bayan gari wanda bai gaza eka 10 ba, da ƙaramin iyali na miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku da za su shige mota guda. Da gari ya cim ma filayen, farashin ƙasa ya tashi, man fetur ya yi tsada a 1973, bidiyo kuma ya shiga ɗakuna, sai tukunyar ta kife.

Amma me mutane suka je nema a can? Ba kyawun hoto ba ne, domin hoton cikin zaure ya fi shi. Sun je ne don mota ta zame musu ɗaki. Mai jego ta tafi da jaririnta ya yi kukansa ba wanda zai harare ta. Tsoho da mai lalurar ƙafa ba sai sun hau matakala ba. A ci abinci, a yi hira, a je da kayan shan iska. Kana cikin taro, kana kuma cikin gidanka. Da Hausa sunan wannan abu sutura, kuma ina roƙon a riƙe mini kalmar, domin za mu dawo gare ta.

A Afirka an gina irinta inda ake da masu motoci da yawa: Top Star a kan tudun ƙasar ma'adinai a Johannesburg, Fox da Belle-Vue a Nairobi. Ta Darussalam, wadda aka buɗe a 1966, ita ta fi koya mana darasi. Laura Fair ta nuna yadda marasa mota suke zuwa da ƙafa su zauna a bayan katanga su sha kallo kyauta, domin allon ya fi katangar tsawo. Wato ko a inda aka gina ta, talakan Afirka ya mayar da ita dandali. A filin ne ofishin jakadancin Amurka yake zaune a yau.

Akwatialine: ƙasa da mutane

Wanda ya san unguwar ya san amsar tambayata ta farko. Akwatialine tana tsakiyar Zangon Kumasi, a mazaɓar Asawase, tana maƙwabtaka da Aboabo da Asawase da Sabon Zango. A nan Babban Masallacin Kumasi yake, wanda aka sabunta gininsa aka buɗe a 2023. Akwai rumfunan katako, da masu sayen tsofaffin ƙarafa, da ɗakunan katako na 'yan ci-rani da 'yan mata masu dako da suka gangaro daga arewa. Gidajen asali kuwa gidajen haya ne masu tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, kowane ɗaki da iyalinsa. Duk taƙin ƙasar da ya rage, wani ya riga ya kafa teburi a kai.

Zangon ya girma ne da fataucin goro da shanu, musamman bayan yaƙin Salaga na 1892 da ya watsa 'yan kasuwar Gwanja, da shigowar Turawa ƙasar Tonawa, da isowar jirgin ƙasa a 1903. Enid Schildkrout ta bayyana a littafinta na 1978 yadda Mosawa da Hausawa da Yarabawa da Wangarawa da Dagwamba da Zabarmawa da sauransu suka zauna wuri guda, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Ko Jean Rouch da ya bi 'yan ci-ranin Nijar da kyamara a tsakiyar shekarun 1950 don fim ɗinsa Jaguar, kasuwar Kumasi na cikin inda ya kai su. Mutanen Zango sun shiga cikin fim tun kafin da yawansu su sami kuɗin shiga silima.

To, a irin wannan wuri duwatsun murhun nan uku babu ko ɗaya. Mota a Zango kayan sana'a ce: tasi, tirotiro, babbar motar kaya mai zuwa Bawku ko Wagadugu. Fili babu. Iyali kuwa ba ya shiga mota guda, domin in ka ce za ka fita da iyalinka, kana maganar kaka da gwaggo da 'ya'yan maƙwabta da almajirin gida. Abu ɗaya ne yanayi ya ba mu wanda Amurka ba ta da shi: muna kusa da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, alhali su a lokacin zafi sai wajen tara duhu ke yi. Sai dai ruwan sama ya karɓe abin da duhun ya bayar, tunda damina biyu muke yi.

Da fim ya zo a mota

Tun farkon shekarun 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta fara yawo da motocin silima a Gold Coast, da fari don labarin yaƙi, daga baya don wayar da kai a kan tsafta da noman koko da biyan haraji. Bayan 'yancin kai a 1957 Sashen Watsa Labarai na gwamnati ya gaji motocin. Motar tana ɗauke da injin haska hoto da janareta da lasifika da farin ƙyalle, da kuma mutum mafi muhimmanci, tafinta, wanda zai riƙa fassara da ƙarin gishiri cikin harshen mutanen wurin. A Arewacin Najeriya wannan shi ne majigi, kuma Larkin ya nuna cewa bai taɓa samun baƙin jinin da gidan silima ya samu ba, domin da yardar sarki yake zuwa, a ƙofar fada ko filin unguwa ake kafa shi, kyauta ne, kowa yana ganin kowa.

Wannan shi ne juyin da nake magana a kai. Mota ɗaya ce a filin, kuma ba ta 'yan kallo ba ce. Jama'a suna ƙasa, yara a gaba, manya a baya, mata a gefe a kan tabarmi ko a tsaye da goyo. A nan ne kaɗai, cikin dukan tarihin da zan bayar, matar aure ta kalli babban allo ba tare da an yi da ita ba. Laifin majigi shi ne ba abin da mutane ke so yake nunawa ba, abin da gwamnati ke so su sani yake nunawa.

Gidajen silima

Kumasi ta yi gidajen silima masu suna: Rex, Odeon, Roxy, Royal, Romeo, da Rivoli a Bantama. Roxy ce ta fi kusa da mu, har sunanta ya zama sunan wurin. Harkar tana hannun kamfanoni kaɗan: West African Pictures, wanda gwamnatin Nkrumah ta saye daga baya, da iyalin Captan 'yan asalin Labanan, da iyalin Nankani 'yan asalin Indiya. 'Yan'uwanmu na Kano za su gane sunan na farko, domin daga gare shi silimar Wapa ta Fagge ta samo sunanta. Kasuwa ɗaya ce ta shayar da mu da su, shi ya sa muka tashi da finafinai iri ɗaya.

Da yawa daga gidajen silima na wancan zamani a Afirka ta Yamma ba su da rufi sai a ɓangaren baya, inda kujeru masu tsada suke. Mai ƙaramin kuɗi yana gaba a kan benci, sama a buɗe, in hadari ya taso ya san inda dare ya yi masa. Saboda haka kallo a ƙarƙashin taurari, wanda Ba'amurke yake ɗauka a matsayin abin marmari, a wurinmu shi ne kujerar talaka.

Finafinan kaboyi da na 'yan Sin masu faɗa sun yi kasuwa, yara suka raba duniya gida biyu, buloman da kila, wato jarumi da mugu. Amma na Indiya ne suka zauna a zuciyar Zango, daga Albela na 1951 zuwa Mother India da Sholay da Disco Dancer. Haka abin yake a silimar Dunia da ke Nima a Accra, birnin da tsofaffinmu ke kira Ankara, haka yake a Victory da Rivoli na Tamale, inda Katie Young ta nuna yadda karin waƙoƙin Indiya ya shiga har cikin waƙoƙin mauludi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum yana ganin mace da lulluɓi, da ɗa mai durƙusa wa uwarsa, da auren da iyaye suka ƙulla, da talaka mai mutunci gaban mai kuɗi azzalumi. Ba ya jin harshen, amma ya san gidan. Wanda ya kalli fim sau bakwai shi ne tafintan na kusa da shi.

Duk da haka, gidan silima bai taɓa zama wurin mutunci a idon dattawan Zango ba. A makarantar allon da na yi, in aka ce an ga yaro a ƙofar silima, hukuncinsa ya fi na wanda bai wanke allonsa ba. Akwai duhu, akwai hayaƙin taba, akwai 'yan daba a bakin ƙofa, lokacin shiga kuma yana karo da magariba ko lisha. A Kano abin ya fi tsanani: gobarar silimar El Duniya ta ranar 13 ga Mayun 1951, wadda ta ci rai 331, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin ishara, kuma macen da aka gani a silima an gama yi mata suna. Kumasi ba ta kai nan ba, domin muna zaune cikin Tonawa waɗanda ba su ɗauki zuwan mace silima a bakin komai ba. Amma 'yar Zango ta san cewa abin da ya halatta ga ƙawarta ta Ashanti New Town, ita zai iya jawo mata magana ranar da aka zo neman aurenta. Mahaifiyata ta san labarin Mother India daga farko har ƙarshe, ta san inda ake kuka, amma daga bakin ƙannenta maza ta ji shi. Ba ta gan shi da idonta ba sai da bidiyo ya shigo gidanmu, tana da jikoki.

Ga inda kalmar sutura ta dawo. Abin da mota ta yi wa matar Ba'amurke, wato ta kai ta gaban babban allo ba tare da ta bar ɗakinta ba, shi ne ainihin abin da gidan silima ya kasa yi wa matar Zango. Mun rasa motar, ba mu kuma ƙirƙiro abin da zai tsaya a madadinta ba.

Rushewar ta zo da sauri. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta kwashe dubban mazauna zanguna. Tattalin arziki ya durƙushe a shekarun 1970, kuɗin waje na sayo sababbin finafinai ya yi wuya, aka yi ta maimaita tsofaffi har suka kode. Bayan juyin mulkin 31 ga Disambar 1981 aka kafa dokar hana fitar dare wadda ta wuce shekara biyu, sana'ar da ba ta da lokaci sai dare kuwa ba ta jure wannan. A 1996 aka sayar da kashi 70 cikin ɗari na Hukumar Finafinai ta Ghana ga wani kamfanin Malesiya, wanda hankalinsa ke kan talabijin. Gidajen silima a faɗin ƙasar suka koma coci-coci da ɗakunan ajiye kaya.

Benci, labule da janareta

Abin da ya maye gurbinsu ya fi su kusa da mu nesa ba kusa ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 gidan bidiyo ya shigo lungu: ɗaki ko rumfar katako, talabijin guda a kan teburi mai tsawo, benci biyar ko shida, labule a ƙofa, yaro mai karɓar kuɗi. A waje an jingina allo an rubuta sunan fim da alli, ko an rataya hoton da mai zane ya yi da fenti a kan buhun fulawa, jini ya fi na cikin fim ɗin yawa. Waɗannan zane-zane yanzu suna hannun masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka. Wasu masu bidiyon kuma sukan ɗora talabijin da janareta a mota su shiga ƙauyuka, fim ya sake hawa mota ke nan.

A 1987 William Akuffo ya fito da Zinabu, wanda ya ɗauka da kyamarar bidiyo, ya nuna cewa ɗan ƙasa zai iya yin fim ba tare da jiran gwamnati ba. Kano ta bi da Turmin Danya a 1990. Kumasi kuma daga baya ta haifi tata masana'antar ta harshen Twi, wadda ake kira Kumawood, da taurari irin su Agya Koo da Lil Win. Ɗan Akwatialine ya tsinci kansa a mahaɗar koguna huɗu: na Indiya, na Legas, na Twi, da na Hausa. Ban san wani ɗan kallo a Afirka ta Yamma da ya fi shi yawan harsunan kallo ba.

Na Hausa suna da matsayi na dabam, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kaset-kaset da faya-fayan Kano sun iso ta hannun 'yan kasuwa da direbobi, Sangaya da Wasila da barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro suka shiga kowane gida. Hausarmu ta Zango ta yi nisa da ta Kano. Mun sauƙaƙa ta, ba mu cika raba namiji da mace a magana ba, mun zuba mata Twi da Turanci. Yaron da kakansa Bamoshe ne ko Bazabarme, wanda bai taɓa taka Najeriya ba, a fim ya fara jin yadda ake gaida surukai, da yadda ake zaurance, da karin maganar da ta ɓace a bakin iyayensa. Fim ɗin Hausa ya zama makarantar harshe ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ya kuma koya wa amare ɗinki da lalle da tsarin biki, har wasu dattawa suna ƙorafin cewa bikin Zango ya koma na Kano.

Muhimmin abu shi ne inda aka kalle su. Gidan bidiyo na samari ne da yara maza, ya gaji baƙin jinin silima har ya ƙara, tunda yana kama yara a lokacin makaranta. Finafinan Hausa kuwa a tsakar gida aka fi kallonsu. Mai talabijin ya fito da ita bakin ƙofarsa bayan lisha, matan gida su shimfiɗa tabarmi, ana tsinke ganye ana kitso ana gardama a kan kishiyar da ke cikin fim, yara su yi barci a jikin iyayensu. Idan akwai abin da ya yi kama da silimar shiga-da-mota a Akwatialine, to wannan ne: sama a buɗe, kana cikin naka, kana cin abincinka, ba mai ce maka yi shiru. Katangar gidan haya ta yi aikin da ƙofar mota ta yi. Allon ne kawai ƙarami.

Yau

Tsakar gidan ma ta fara yin shiru. Ɗauke wutar da aka sha tsakanin 2012 da 2016, wadda ake kira dumso, ta karya kasuwar faya-fayai, tauraron ɗan'adam da waya suka ƙarasa ta. Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina suka sami masoya a nan, Izzar So kuma a YouTube ake bin sa. A 2015 tashar Adom TV ta fara nuna wasan Indiya Kumkum Bhagya da fassarar Twi, ya karɓu har keken nan mai ƙafa uku da ke jigilar mutane a titunanmu ya ci sunan jarumar wasan, Pragya. Tsohuwar soyayyar Zango da Indiya ta zama ta gari duka.

Gidajen bidiyo da suka rage sun koma gidajen ƙwallo. Ranar da Chelsea ko Real Madrid ke wasa za ka ga cikar da Roxy take yi a da, kuma maza ne zalla. A majalisun samari da ake kira bes, ana dafa ataya, kai huɗu a kan waya ɗaya. Babban allo na zamani yana Kumasi City Mall da ke Asokwa, wanda aka buɗe a 2017, a silimar Watch and Dine da ke cikinsa. Daga Akwatialine tafiyar ba ta da nisa, amma tikitin mutum ɗaya da kuɗin mota da abin taɓawa ya kai cefanen yini a gidaje da yawa, finafinan Hausa kuma ba su ne abincin wurin ba. Samarinmu sukan je da Sallah su ɗauki hoto. Ba wanda zai kwashi gidan haya guda ya kai can.

Ba na cikin masu cewa waya ta ɓata komai. Ita ce ta ba matar da ke cikin ɗaki ikon zaɓar abin da za ta kalla ba tare da ta roƙi kowa ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya tafi shi ne kallon tare: tafintan da ke gefe, da ihun da ake yi lokaci guda, da kakar da ke tsayar da fim da bakinta ta ce wannan ba tarbiyya ba ce, yara su ji. Yaro yanzu yana kallo shi kaɗai da abin ji a kunne, ba wanda ya san abin da ya gani balle ya tattauna da shi.

Abin da za a iya ɗauka

Ba na ba da shawarar a gina silimar shiga-da-mota a Kumasi don mutanen Zango. Wanda ya gina ta zai yi wa masu motocin Nhyiaeso da Ahodwo hidima ne, kuma hakkinsa ne. Abin da ya dace da mu shi ne a dawo da majigi, amma a wannan karo unguwa ce za ta zaɓi fim. Kayan aikin sun yi arha: injin haska hoto da bai fi girman littafi ba, farin ƙyalle, batir mai cajin rana. Filin makaranta ya isa, ko irin filayen ƙwallo masu shimfiɗar roba da Asusun Raya Zanguna, wanda aka kafa da dokar 2017, ya gina a wasu zanguna. Lokacinsa daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya kore ruwa, da ɗan tsakanin damina biyu a watan Agusta, da kwanakin Sallah in sun faɗo a rani. A fara bayan lisha, a tashi kafin goma.

Daga Amurka dabara ɗaya ce tak nake ganin ta cancanci aro, ita ce aika sauti ta rediyo. Ƙaramar na'urar FM mai gajeren zango, da izinin hukumar sadarwa, za ta sa a rage ƙarar lasifika don kada a dami masallaci da marasa lafiya, kuma yawancin ƙananan wayoyin da ke hannun iyayenmu mata suna kama rediyo. Wadda take takaba, ko tsohuwar da ƙafa ta hana ta sauka, in tagarta ko barandarta na hango allon, sai ta kunna wayarta ta ji komai. Abin da mutanen Darussalam suka yi ta bayan katanga, mu sai mu yi shi da gangan, a ɗaga allon sama yadda gidajen kewaye za su samu.

Akwai sharuɗɗa biyu da in an tsallake su abin zai mutu a mako na biyu. Dole a biya masu fim hakkinsu, na Kano ne ko na Kumasi, a kuma nuna abin da Hukumar Finafinai ta Ƙasa, wadda dokar 2016 ta tanada, ta tantance. Satar fasaha ta riga ta cinye masana'antun biyu, bai kamata unguwa ta ƙara musu ciwo ba. Na biyu, kada a fara da neman izinin sarakunan Zango da limamai kawai a tsaya nan, ko da yake ba makawa sai da su. A fara da magajiyoyi da shugabannin ƙungiyoyin mata, waɗanda suke tara ɗaruruwan mata a biki da suna da mauludi ba tare da hatsaniya ba. Su za su faɗi ɓangaren da za a shimfiɗa tabarmin mata, da ƙofar da za su shiga ta ita, da inda za a sa fitila a hanyar komawa gida, kuma a hannun ɗaya daga cikinsu ya kamata makullin akwatin injin ya kwana.